Hular da Ta Ƙi Zama a Kan Malam

Ni ban yi boko ba, allon ma iya abin da zan yi salla da shi na samu aka cire ni. Matar ɗana ce take rubuta wannan, ina faɗa tana sawa, idona kuma yana kan hannunta. Ban san abin da take zanawa ba, amma in na faɗi magana gajeriya na ga hannun ya daɗe yana tafiya, sai in ce ta karanta mini. Na gaya mata kada ta sa sunan kowa. Sunan maigidana ban taɓa kama shi da bakina ba, Malam nake cewa, ba kuwa a takarda zan fara ba.

A unguwar Hausari aka haife ni, iyayena fatauci ya kawo su daga Kano. A nan na yi aure, a nan na tsufa, kuma duk layinmu an san ni da ido. In aka ɗebi sukari a ɗakina na sani. In keke ya tsaya a ƙofar gida, daga yadda aka sauko nake gane wane ne. Jikokina suna ce mini Soja a bayan idona, suna tsammani ban sani ba. Na sani, har wanda ya raɗa sunan na sani. Na faɗi wannan ne don a gane irin matar da abin ya faru da ita.

Shekarar da abin ya fara, sanyi ya soma ja da baya, sai na lura matar ɗana tana ta shiga ɗaki tana fita. Babarbariya ce 'yar unguwar Lamisula, yarinya mai ladabi, tana haɗa turaren wuta tana sayarwa. Daga ɗakin nata na ji ƙarar leda, amma ba irin ta cefane ba. Ledar cefane laushi gare ta, wannan kuwa ƙaras-ƙaras take yi. Na yi sallama bayan na riga na shiga. Na tarar tana naɗe agogon hannu na maza a cikin wata jar takarda mai ƙyalli.

Ta ce wai ranar masoya ce. Wai mijinta zai kawo mata nasa, ita ma ta saya masa da cinikin turarenta.

Na juya na fito. Na bari sai bayan la'asar, da kowa ya hallara a tsakar gida, sannan na buɗe baki. Na san malamai suna faɗa a rediyo cewa ranar ba tamu ba ce, na kuma fara da wannan don maganata ta yi nauyi. Amma gaskiya ba shi ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne mace ta ɗauki abin hannunta ta saya wa miji kyauta. A saninmu namiji ke kawowa. Shi ke lefe, shi ke kayan salla, shi ke tsaraba in ya yi tafiya. Mace ta karɓa, ta yi godiya, ta kawar da kai. Wadda ta tashi tun asuba ta hura wuta, ta wanke, ta goge, ta yi goyo, ai ta gama bayarwa. In ma za a ware rana guda, to a bar namiji ya yi ɗawainiyarsa shi kaɗai. Haka na yi ta yi, har kajin gidan suka koma gefe.

Yarinyar tana durƙushe, kanta a ƙasa. Da na tsaya shan iska sai ta ce, a hankali, «Mama, in kullum mutum ɗaya ne ke miƙawa, ɗaya na karɓa, ni sai in ji kamar sadaka ake ba ni.»

Sai na yi abin da ban saba yi ba, na nemi ɗauki. Malam yana zaune a gindin darbejiya da rediyonsa. Tun da ya bar wa ɗanmu shagon hatsi a Kasuwar Litinin, nan ne mazauninsa. Na ce masa ya dai ji abin da yaran zamani suke faɗa.

Ya rage muryar rediyon ya ce, «Na ji. Ni dai ba zan iya ba da shaida ba, don ba a taɓa ba ni ba.»

Na ce tuwon shekara arba'in da ɗoriya fa, wa ya ci? Ya ce shi ya ci, ya kuma gode, amma bai taɓa ganin an naɗe tuwo a jar takarda ba. Aka kwashe da dariya. Na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya, dariyar ta mutu. Shi ma da dariya ya faɗa, amma na ga yadda ya yi saurin ƙara muryar rediyon, ya kuma juya ya kalli katanga. Mutumin da yake wasa zalla ba ya kallon katanga.

Washegari da hantsi na fito daga ɗaki na ci karo da baƙar leda a bakin ƙofata. Takalmi ne, ruwan ƙasa, mai taushi, irin mai maɗauri da ake sassautawa. Ƙafata ta hagu takan kumbura, shi ya sa duk takalmin da na saya, in ya yi wa dama daidai sai ya matse hagu, in ya yi wa hagu sai ya riƙa faɗuwa a dama. Na zura ƙafa, ya zauna cif. Da na duba sai na ga an riga an sassauta maɗaurin na hagu fiye da na dama. Ba wanda ya gwada ni, ba wanda ya tambaye ni. Tsoffin takalmana kuwa suna nan inda na bar su, da an taɓa su da na sani.

Da na kai wa Malam abinci na ce na ga kaya, Allah ya ƙara buɗi. Bango nake kallo na faɗa. Ya ce amin, ya ja kwano.

Shekara guda na yi ina taka takalmin nan. Na je biki da shi, na je gaisuwa, na je asibiti. Duk inda na cire shi a bakin ƙofa sai maganar nan ta dawo mini: ba a taɓa ba ni ba. Na yi ta kare kaina ni kaɗai ina tsintar shinkafa. Na ce ai na taɓa ba shi goro. Sai na tuna goron shi ya sayo. Na ce na taɓa ɗinke masa aljihu. Har ni kaina na ji kunyar wannan hujja. Abin da ya rage shi ne tsoho ne, ni ma tsohuwa ce, kuma ban so ɗayanmu ya riga ɗaya tafiya alhali maganar tana nan yadda ya faɗe ta. Amma kuma ni ce na tara mutane a tsakar gida na yanke hukunci. Yaya Soja za ta fito da jar takarda?

Ban san lissafin watannin Bature ba, saboda haka ban san yaushe ranar za ta zagayo ba. Malamai ne suka tuna mini. Da na ji an sake fara wa'azi a kanta a rediyon Malam, sai na ce to, ta matso.

Hula na yanke zan saya. A garin nan namiji da hularsa ake ganinsa, wanda ya sa hular zanna mai kyau ko a keke yake sai an ba shi hanya. Na san ana bukatar gwaji, ni ba yarinya ba ce. Amma in na ɗauki ɗaya daga cikin hulunan da yake sawa, zai nema ya rasa, asiri ya tonu. Sai na tuna wata da ke saman durowarsa a cikin leda, fes da ita, shekara da shekaru ban ga ya sa ta ba. A raina na daɗe da yanke cewa tsadarta ce ta sa yake adana ta. Na ce yawwa, wannan ko mako ta yi ba ta nan ba zai sani ba. Na yaba wa kaina ƙwarai a kan wannan dabara. Ina jin har murmushi na yi.

Na ce wa mutan gida zan je sayen daddawa da kuka, na sa hular a ƙarƙashin mayafi, na tare keke. A Kasuwar Litinin na bi ta bayan layin 'yan hatsi don kada ɗana ya hango ni, na zaga ta wajen masu atamfa, na ɓulla layin huluna ina haki.

Mai shagon da na tsaya wani dattijon Babarbare ne, huluna jere a bayansa har rufi. Ya yi mini lale, wushe, irin gaisuwarsu, ya tura mini benci. Hausarsa irin tasu ce, wadda ba ta raba mace da namiji. Ya ce, «Hajiya, me kake so?» Na ce hula. Ya ce lamba nawa. Ni ban taɓa sanin kawunan mutane suna da lamba ba. Na zaro ta Malam na miƙa masa, na ce irin girman wannan.

Ya zagaya ta da tef ɗin awo, ya ɗago ya dube ni, ya tambaya ko ta yaro ce. Na ce ta babban mutum ce. Ya ce wane ne. Na ce wani ne. Ya yi murmushi irin na wanda ya gane wanin, ya ce babban mutum da wannan kai da wuya, ko zan koma in sake dubawa, ko in ɗauki wadda ta ɗan fi ta.

Na gyara zama na ce, «Malam, kai ka san kansa ko ni?»

Ya ɗaga hannu biyu ya ce ni na sani. Ya sauko mini da su. Na zaɓi wata aikin garin Bama, shuɗiya mai duhu da ratsin fari, saƙar ta cika har ba ka ganin ƙyallen ciki. Na juya ta ciki da waje, na ja zare in ga ko zai biyo, na kai ta bakin rana. Na wahalar da mutumin nan a ciniki har ya sha ruwa. Ya ce ko a naɗe mini a takarda mai ƙyalli, yanzu ita ake yayi. Na ce ya sa mini a baƙar leda kamar mutanen kirki. A hanyar fita na sayi daddawar, don ƙaryata ta samu ƙafa.

Ranar masoyan ta zo ta wuce ban motsa ba. Na ga matar ɗana da mijinta suna ta ƙus-ƙus, na yi kamar ban gani ba, abin da ya ba su tsoro fiye da faɗa. Na bari sai Juma'ar da ta biyo, don in an tambaye ni in ce ni ban san wata rana ba, Juma'a na sani. Ko a nan ma hannuna ya ƙi miƙawa. Na turara babbar rigarsa kamar kullum, na ninke a kan gadonsa, na ɗora hular a kai, na fito da sauri na zauna a ƙofar kicin ina gyaran zogale.

Da ya fito, sai da zogalen ya zube daga cinyata. Hular ba ta shiga ba. Tana can bisa tsakiyar kansa a ɗofane, kamar an rufe babbar tukunya da murfin ƙarama. Ya sandare wuya don kada ta faɗo, yana tafiya kamar mai tallan ƙwai. Matar ɗana ta dube shi sau ɗaya, ta shige kicin ta bayana, na ji tana tari irin wanda ba tari ba. Ɗana ya sunkuya yana gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Malam ya tsaya a tsakar gida, ya juyo da jikinsa gaba ɗaya don wuyan ba ya juyuwa, ya ce sun tafi masallaci. Na so in ce ya canza. Na fasa, don in na ce ya canza na amsa cewa ni na ajiye.

Abin da ya faru a masallaci ɗana ne ya ba matarsa labari, ni kuma ina bayan labule. Wai a ruku'in farko hular ta faɗo, ta gangara har sahun gaba. Bayan sallama wani abokinsa na kasuwa ya miƙo masa, ya tambaya ko ta jikansa ya ɗauko bisa kuskure. Malam ya kaɗe ta, ya danna ta a kai da ƙarfi, ya ce a'a, tasa ce, iyalinsa ce ta saya masa. Kuma wai bai rage murya ba. Dattijo mai furfura, a ƙofar masallacin Juma'a.

Kafin la'asar labari ya gama Hausari. Maƙwabciyata, wadda muka yi shekaru ina yi mata gyara a kan tarbiyyar 'ya'yanta, ta leƙo ta katanga ta ce wushe amarya, ashe ana ranar masoya ba a gayyace su ba. Na ce Juma'a ce. Ta ce ai ta gani, Juma'a mai kyau kuwa.

Na bari gidan ya yi shiru na shiga ɗakinsa. Yana zaune a kan darduma, hular tana gefensa a kan matashi. Na ce ya ba ni in mayar a canzo. Ya ce ba inda za ta. Na ce ai da tasa na gwada, ta saman durowa. Sai ya fara dariya, irin wadda ba ta da sauti, kafaɗu kawai ke rawa. Ya ce wannan hular wani abokin ciniki ne ya kawo masa tun ɗanmu yana goye, kuma tun ranar ba ta shiga kansa ba, kunyar bayar da ita ce ta sa ya ajiye. Wato duk hulunan da ke ɗakin nan, na tsallake waɗanda yake sawa, na zaɓi guda ɗayar da ba ta taɓa yi masa ba. Ni, mai ido.

Haushi ya sa na tambaye shi abin da na yi shekara ina haɗiyewa, yadda aka yi ya san ƙafata. Ya ce ai kullum takalmana suna bakin ƙofa, yana wucewa yana ganinsu. Na hagu yakan buɗe ya kwanta gefe, na dama yana nan yadda yake. Ba wani ilimi ba ne.

Na ce ni ma ba abin da ban sani ba a gidan nan.

Ya ce, «Haka ne. Da takalmi kika saya da ya yi daidai, don ƙafata kike kallo in na shigo. Ɗago ki duba, Hajiya. Ba cizo yake ba.»

Gaskiya ya faɗa. Haka aka tarbiyyantar da mu, mace ba ta tsura wa miji ido. Na san takunsa, na san tarinsa, na san kaushin dugadugansa. In ya shigo nakan duba ƙasa, in zan yi magana in duba bango. Duk idon nan da nake taƙama da shi, a kan kowa yake sauka ban da shi.

Na ɗago. Na ɗan daɗe kafin idon ya yarda ya tsaya. Ashe kan Malam babba ne, mai faɗi ta ƙeya. Sanƙo ya cinye tsakiya, furfura ta zagaye gefe. Akwai wani tsohon tabo a bayan kunnen dama, na tambaya, ya ce buhu ne ya taɓa faɗo masa da ƙugiya a kasuwa, ya ce mini a lokacin ciwon kai ne kawai. A goshinsa kuma ga layi ja zur inda hulata ta ci. Sai da ya yi salla da wannan, ya yi tafiya a rana da wannan, ya tsaya gaisawa da mutane.

Na cire mayafina, na ce ya tsaya kada ya motsa. Na zagaya gefen mayafin a kansa, ta goshi zuwa ƙeya, na ƙulla inda ya haɗu. Hannuna yana rawa, na ce masa sanyi ne. Ya ce ƙwarai, sanyin bana ya daɗe. Gumi muke yi mu duka biyun.

Da na koma kasuwa ban bi ta bayan layi ba. Na wuce ta gaban shagon ɗana, ya miƙe yana tambaya ina zuwa, na ce ya zauna ya kula da awonsa. Dattijon mai huluna ya gan ni ya fara murmushi tun daga nesa. Ban ba shi damar magana ba, na shimfiɗa mayafin na nuna masa ƙullin. Ya ɗora tef, ya duba, ya ce, «To Hajiya, yanzu ka san kansa.» Na juya wajen hulunan. Na ɗauki wata ruwan toka. Ya sake tambaya a kan takarda mai ƙyalli. Na ce ya sa, amma ba ja ba.

Wannan karon ban ɗora a kan riga ba. Bayan la'asar, kowa yana tsakar gida, har jikokin, na taka zuwa gindin darbejiya da takalmina mai maɗauri. Na durƙusa, gwiwa tana ƙara, na miƙa masa da hannu biyu, kuma fuskarsa nake kallo. Na riga na shirya abin da zan ce, amma abin da ya fito shi ne, gashi. Ya kashe rediyon gaba ɗaya. Ya warware takardar a hankali don kada ta yage, ya sa hular, ta zauna har bisa kunne. Ya ce waccan tsintarta ya yi a kan gado, wannan ce aka ba shi. Sannan ya juya wajen matar ɗana ya ce in ana neman shaida yanzu, a zo wurinsa.

Na juya na bi su da kallo kamar yadda na saba. Ba wanda ya daina dariya.

Ƙaramar hular an kai ta wajen masu wankin hula, sun jiƙa ta sun ɗaura a kan guntun icce mai siffar kai, ta ɗan saki amma ba sosai ba. Na ce a ba jikanmu, ya hana. Ruwan tokar yake sawa kullum, amma duk Juma'a shuɗiyar yake ɗaukowa, ya ɗofana ta, ya sandare wuya ya fita. In ya dawo ni ke shafa masa man zafi a goshi, ina yi ina faɗa.

Yanzu da muka zo nan, mai rubutun ta ajiye biro tana tambayata, to a ƙarshe mace ta bayar ko kada ta bayar. Na ce ta rubuta cewa ni har gobe ban san wata ranar masoya ba. Amma wadda za ta saya wa mijinta hula, ta fara ɗaga ido ta dubi kansa. Hannunta ya daɗe yana tafiya a kan wannan, na ce ta karanta mini.